Yadda za ka nuna wa iyalinka fim ɗin gawa mai tsalle a tsakar gida

Watan jiya wani abokin cinikina ya shigo shagona na gyaran tele a nan Sabon Garin Maradi, rungume da kwali cike da kaset ɗin bidiyo da ya tarar a ɗakin marigayi wansa. Ƙura ta lulluɓe su har ba a ganin rubutun jikinsu. Muna cikin kakkaɓewa sai na ci karo da wani da aka yi wa zane da biro a gefe: mutum tsaye, hannuwansa biyu a miƙe gaba, da ƴar takarda manne a goshi. Ko sunan ban duba ba na gane shi. Mu a unguwarmu "Gawa mai tsalle" muke ce masa, amma sunansa na ainihi Mr. Vampire, fim ɗin Hon Kon na shekarar 1985.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu na fara aiki a wani gidan bidiyo a Bagalam, shinge na zana, benci shida, tele guda a kan tebur, dala biyar kuɗin shiga. Ni ke karɓar kuɗi a ƙofa, ni ke mai da kaset baya idan an tashi. Wannan fim na gan shi ya fi sau talatin, kuma ban taɓa ganin daren da bai cika mana benci ba. Mutum zai ƙwala ihu don tsoro, kafin ihun ya ƙare ya rikiɗe ya zama dariya. Wannan abu ba ya samuwa ga wanda ya kwanta shi kaɗai da salula a hannu. Fim ne na taro, na dare, na mutane kafaɗa da kafaɗa, kuma duk abin da zan faɗa a nan hanyar kai ka can ne.

Abu na farko, ka tabbata shi ɗin ne. Ricky Lau ya ba da umarninsa, Sammo Hung ya ɗauki nauyin shirya shi, kuma da ya karɓu sai aka bi shi da na biyu a 1986, na uku a 1987, na huɗu a 1988, ban da tarin waɗanda suka kwaikwaye shi. Masu tura fim a kasuwa sukan zuba su duka ƙarƙashin suna guda. Kada ka biya sai an buɗe maka farkonsa. Na ainihin yana farawa da dare ne, a ɗakin ajiyar gawawwaki: gawawwaki jere a tsaye cikin rigunan manyan ma'aikatan daular Cin ta ƙasar Sin, wadda ta faɗi a 1912, kowace da takarda rawaya a goshi. Wani almajiri mai askin ƙwarya yana kunna musu turare, abokinsa kuma ya yi shigar gawa don ya razana shi. Idan ka ga motoci na zamani da gawa ɗan ƙaramin yaro, na biyu aka ba ka. Sai kuma ka nemi fuskar Lam Ching-ying, malamin nan mai gira mai kauri da furfura, wanda ba ya murmushi ko da duniya ta kife. Shekarunsa 32 lokacin, aka yi masa furfurar aro. Kafin nan ya yi aiki da Bruce Lee, shi ya sa in ya ɗaga ƙafa za ka san ba wasa ya koya ba. Ya rasu a 1997 da ciwon hanta, yana da shekara 44.

Yanzu maganar kwafi. Iri huɗu za ka iya cin karo da su a Maradi, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Idan kaset ne ya faɗo hannunka kamar na abokin cinikina, kada ka yi gaggawar cusa shi a inji. Ɗaga shi ka duba ta ƴar tagar gilashin. In ka ga fari-fari kamar garin rogo a gefen zaren, fumfuna ce, kuma da ta shiga inji za ta toshe kan da ke karanta hoto, ta shafi duk kaset ɗin da zai biyo baya. Irin wannan sai an kwance shi an goge zaren a hankali, aikin mai gyara ne. In kuwa zaren baƙi ne wuluk yana sheƙi, ka tura shi gaba har ƙarshe, ka mai da shi baya har farko, sau ɗaya ko biyu, kafin ka kalla. Zaren da ya yi shekara ashirin a naɗe cikin zafin bazarar Maradi yakan manne da juna, wannan kai da komo ke sassauta shi. Kan injin kuma da farar takarda da ɗigon alkol ake goge shi, kana juya gangar da yatsa. Ban da auduga: zarenta yana maƙalewa ya karya kan, kuma ba ka da inda za ka sami sabo. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera injin kaset ɗin bidiyo (VHS), ya daina tun 2016. Duk injin da ya rage a garin nan, shi ke nan, a lallaɓa shi.

Wani abu da ya sha ruɗa mutane: ka sa kaset, murya na fita lafiya lau, amma hoto fari da baƙi. Ba lalacewa ya yi ba. A zamanin kaset kowace ƙasa da tsarin kalar telenta: mu nan Nijar SECAM muka gada daga Faransa, Najeriya kuma PAL, Amurka NTSC. Yawancin kaset ɗin da muke kallo ta Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa daga Katsina da Kano, wato PAL ne, kuma injin da bai san tsarin ba sai ya zubar da kalar. Duba gaban injin, in an rubuta sunayen tsarin biyu ko uku a jere, ka huta. Kuma ranar da kaset ɗin ya yi maka aiki, a ranar ka kwafe shi. Akwai ƴar na'ura mai bakin USB da wayoyi uku, rawaya ta hoto, ja da fara na murya. Ka haɗa injin da kwamfuta ta cikinta, ka bar fim ɗin ya tafi daga farko har ƙarshe tana ɗauka. Kaset ɗin kuma ka ajiye shi a tsaye kamar littafi, nesa da sifika, nesa da kwanon rufi.

Na biyu faifan VCD, wanda ya kori kaset daga kasuwarmu. Faifai guda ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80, fim ɗin kuwa ya haura awa ɗaya da rabi, saboda haka dole ka ga faifai biyu. In guda aka miƙo maka, ko dai rabin labari ne ko an yanke shi. Hotonsa ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. A tsohuwar tele mai ƙusumbi ba ya nuna aibinsa, amma a shafaffiyar tele ta yanzu duk inda dare ya yi sai ka ga duhun ya farfashe ya zama ƴan murabba'ai. Fim ɗin nan kuwa fiye da rabinsa cikin dare yake. Na taɓa gwada shi a tele mai inci 43, wurin da gawar ke turo murfin akwati da faratanta, ba ka ganin komai sai baƙin kunu. Idan faifan ya yi datti, ruwa da ɗan sabulu, ƙyalle mai laushi, ka goga daga ramin tsakiya zuwa baki, kada ka bi zagaye. Ka fi kula da ɓangaren da aka yi rubutu: a faifan CD bayanan suna dab da wannan fuskar, ƙarzuwa guda a nan ba ta da magani.

DVD ya fi su nesa ba kusa ba, amma yana da tarkonsa. An raba duniya shiyya-shiyya: Amurka 1, Turai 2, Hon Kon 3, mu kuma da mafi yawan Afirka 5. Faifan asali da ɗan'uwa ya aiko daga Faransa zai iya ƙin buɗewa a injin da aka kulle wa shiyya. Sa'ar da muka yi ita ce ƙananan injinan Sin da suka cika kasuwa galibinsu ba su damu da shiyya ba. Wanda kuma Allah ya hore wa, kamfanin Eureka na Ingila ya fitar da shi a faifan Blu-ray, wanda ya fi DVD kyan hoto, a 2020 bayan an wanke hoton daga tushe, kuma a tsarin Blu-ray Turai da Afirka shiyya guda suke, shiyyar B. Na kalle shi sau ɗaya a gidan wani likita da na je haɗa wa tele. A ranar na fara ganin cewa rubutun da ke jikin takardun goshin nan ja ne jawur, kuma rigar malamin tana da zane a baya. Shekara da shekaru ina kallonsa a kaset, ashe rabin abin da aka ɗauka nake gani. Idan kana da mai zuwa Turai, wannan za ka roƙa.

Na huɗu shi ne wanda mafi yawanku za ku samu: fim a kile ko a katin memori. Nan abu uku za ka duba. Girmansa: in bai kai mega ɗari bakwai ba, an matse shi sosai, ka san abin da ka saya. In kuma ya wuce giga 4, kile ɗin da aka tsara da tsohon tsarin ajiya na FAT32 ba zai karɓe shi ba, sai an sake tsara shi, wasu tsofaffin tele kuma ba sa karanta sabon tsarin, saboda haka tsakanin giga ɗaya da uku ya fi kwanciyar hankali. Sannan murya. Ka nemi mai harshen Kantonis, harshen mutanen Hon Kon, da rubutun Faransanci ko Ingilishi a ƙasa. Akwai waɗanda aka ɗora wa muryar Turawa, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi: sun kashe shi. Ricky Hui, mai askin ƙwaryar nan, rabin ban dariyarsa a muryarsa yake, yadda take rawa tana siririncewa idan tsoro ya kama shi. Ba sai ka ji harshen ba za ka yi dariya. Idan rubutun fassarar daban ya zo, a ɗan fayil mai ƙarewa da srt, ka sa masa suna iri ɗaya sak da na fim ɗin, ka ajiye su wuri guda, tele za ta ɗauko shi da kanta. In ka ga rubutu yana ƙara yin nesa da magana yayin da fim ke tafiya, kwafin PAL ne aka haɗa da rubutun wani kwafi: sinima hoto 24 take nunawa a daƙiƙa, PAL 25, sai fim ɗin ya gajarta da kusan minti huɗu. Canza rubutun za ka yi, ba tele ba.

Duk wannan ka gwada shi da rana, kai kaɗai, daga farko har ƙarshe. Na taɓa tara maƙwabta, an shimfiɗa tabarmi, an dafa shayi, sai da aka kai tsakiya kile ya tsaya cik saboda mai turawar bai bari ya gama shiga ba. Yara sun tafi gida da ɓacin rai, kuma har yau abin yana damuna. Kallon ranar nan yana da wani amfani ma da ya fi wannan, domin kai ne za ka zama mai fassara.

A gidan bidiyonmu ubangidana ne ke yi. Yana zaune a gefen tele a kan turmi kife, bai san kalma guda ta Sinanci ba, amma ya san labarin kamar tafin hannunsa. Abin da na koya a wurinsa shi ne mai fassara ba ya bin kowace magana. Dokokin wasan yake ba mutane, sannan ya ja bakinsa. Dokokin fim ɗin nan kuwa kaɗan ne, kuma da mai kallo ya riƙe su shi ke nan ya shiga ciki. Gawar ta sandare, gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, shi ya sa take tsalle. Ba ta gani, numfashin mai rai take bi, in ka riƙe numfashinka za ta tsaya dab da hancinka ta rasa ka. Takardar da aka manna mata a goshi tana daskarar da ita, in ta faɗi ta tashi. Shinkafa mai danƙo tana ƙona ta, tana kuma zuƙe dafinta daga jikin wanda ta yaga. Zaren da aka jiƙa da tawada haɗe da jinin kaza, irin zaren da magina ke ja su fitar da layi, yana tare ta kamar shinge.

Ka faɗi waɗannan tun kafin a kunna, ka kuma ba su ƙashin labarin: wani attajiri mai suna Yam ya kira malam Kau, wato malamin da Lam Ching-ying ya fito a matsayinsa, don a tono mahaifinsa a sake masa kushewa bayan shekara 20. Aka buɗe akwati aka tarar gawa ba ta ruɓe ba. Malam ya ce a ƙone ta, ɗan ya ƙi. Sai malam ya kai akwatin ɗakinsa, ya sa almajiransa biyu su zane shi da zaren tawada ko'ina. Suka zane sama da gefuna, suka manta ƙasan. Idan aka zo wurin nan kada ka ce uffan. Wani daga cikin yaran zai gano da kansa ya yi ihu, "Baba, ba su sa a ƙasa ba!" Daga nan ka san ka kama su.

Wuraren da ke buƙatar bakinka su ne na zance. Akwai inda attajirin ya gayyaci malam da almajirinsa gidan shayi irin na Turawa, ba su taɓa shan kofi ba, ƴar attajirin ta lura, sai ta kurɓi kofin daban, madarar daban, don su kwaikwaye ta. In ba ka yi bayani ba za a ga mutane suna shan abu kawai. Akwai kuma mai sayar da shinkafa da ya gauraya marar danƙo a cikin mai danƙo don ya ci riba, abin da ya sa almajirin da aka yaga bai warke ba, farcensa ya fara tsawo. Wannan ko ba ka ja shi ba kowa a Maradi ya san irin ɗan kasuwar, za ka ji mata suna tsaki daga bayan tabarma. Amma idan aka shiga kurkuku gawar attajirin ta tashi, ko inda aka ɓuya a cikin akwatin tufafi ana jan numfashi ta bututun gora, ka yi shiru ƙwarai. Ka juya ka dubi masu kallo. Za ka ga kumatu a kumbure, har da tsofaffi, kowa ya riƙe numfashi tare da na cikin tele.

Akwai abin da ya kamata mai gida ya sani tun da wuri. Ɗaya almajirin, wanda Chin Siu-ho ya fito a matsayinsa, wata fatalwa mace ta bi shi ta yaudare shi har ɗakinta. Ba a nuna tsiraici ba, amma ba abin da za ka so ka kalla kana zaune kusa da surukarka ba ne. Ka lura da mintin tun a kallon rana, ka riƙe telekomand, in an zo ka tura gaba ka ce aljana ta sace masa hankali, labarin bai rasa komai ba. Haka wurin shagon kayan kwalliya, inda ya ɗauki ƴar attajirin a matsayin wata irin mace dabam: ka ce ya yi mata rashin kunya bisa kuskure, ya isa. Yara ƴan ƙasa da shekara takwas kuma ni ba na bari su zauna. Fuskar gawar tsohon tana ƙara muni yayin da fim ke tafiya, kuma ƙaramin yaro ba ya rabe wasa da gaske idan ya kwanta.

Ga waɗanda suka fi haka girma, ina zaunar da su in gaya musu cewa wannan tatsuniyar mutanen Sin ce, kamar yadda muke da Dodo da Gizo a tamu. Mu mun san wanda ya mutu ba ya tashi sai ranar da Allah ya tashe shi, takarda da jinin kaza ba su da ikon komai. Ina kuma gaya musu inda tatsuniyar ta samo tushe, don yana da daɗin ji. A yammacin lardin Hunan, idan mutum ya rasu nesa da garinsu, danginsa sukan biya a dawo musu da shi a binne a gida. Ana cewa masu ɗaukowa sukan jera gawawwakin a tsaye, a ɗaure a dogayen gora biyu, mutum a gaba mutum a baya, suna tafiya da dare suna kaɗa ƙararrawa don mutane su kauce. Gora tana lanƙwasa tana miƙewa, wanda ya hango daga nesa sai ya ga kamar matattu ne ke tsalle a layi. Ɗiyata ta fari da ta ji haka ta ce, "Ashe Baba, gida kawai suke son komawa." Tun daga ranar ba ta ƙara jin tsoron layin gawawwakin farkon fim ɗin ba, na tsohon nan dai har yanzu tana rufe ido.

Saura wuri da wuta. Lokacin sanyi ya fi, daga Disamba zuwa Fabrairu, bayan sallar lisha, sauro ya ragu, kowa da mayafinsa. Fito da tele tsakar gida, ka ɗora ta a kan tebur yadda na baya zai gani, ka juya bayanta wajen da iska ke kaɗowa saboda ƙura. Kada ka dogara da wutar gari. Tele mai inci 32 ta zamani ba ta cika cin fiye da wat 50 ba, batir ɗin sola mai amfiya 100 da ya sha rana zai kai ka ƙarshen fim da sauran canji mai yawa. Na fi son batir a kan injin wuta saboda ƙara: fim ɗin nan yana da wuraren da shiru ne kayan aikinsa, sai dif, dif, dif na tsallen gawa yana matsowa, kuma rurin inji yana cinye wannan. In kana da ƴar sifika mai kauri, haɗa ta, ka ajiye ta ƙasa kusa da tabarma.

Shiga saitin hoto ka fitar da tele daga wanda ake sa wa a shago mai ƙyalli, ka zaɓi na sinima, ka ɗan ƙara haske kaɗan yadda za ka rabe baƙar riga da baƙin dare. Faɗin hoton kuma ka bar shi yadda ya zo. In kwafin kaset ne ko VCD mai siffar tsohuwar tele, ka yarda da baƙaƙen shafi biyu a gefe, kada ka ja shi ya cika gilashi, mutane su zama gajeru masu faɗi. Kashe ƙwan tsakar gida, amma ka bar fitila guda a hanyar bayan gida, domin bayan fim ɗin nan babu yaron da zai yarda ya bi duhu shi kaɗai.

Abokin cinikin nan nawa, kaset ɗin wansa ya yi aiki bayan na goge shi, sai wani layi da ke rawa a ƙasan hoto wanda ba ya fita. Na kwafe masa a kile, na kuma ba shi mai kyau da nake da shi. Ya ce a'a, wancan mai layin zai fara nuna wa ɗiyan marigayin, shi ubansu ya kalla. Ran Juma'a mai zuwa zai tara su a gidansa da ke unguwar Zariya, ya ce in zo da sifikata, shi zai sayi aya da gujiya, kuma ni zan zauna a kan turmi.